Abin da Ba a Faɗa wa Uba

"Tsaya nan," in ji Shu'aibu, ya dafa kafaɗar mai moto.

"Ai ba mu iso ba, ɗan makaranta."

"Na sani. Tsaya kawai."

Tun babur bai gama tsayawa ba ya dira. Ya tsallake kwata, ya bi ta bayan masu facin taya, ya shige harabar wani ƙaramin masallaci da babu kowa cikinsa sai tabarmi a naɗe. Ya san wurin. Ya san ƙofar bayin ba ta da sakata, sai dai mutum ya tokare ta da ƙafa. Ya san ba a barin buta, shi ya sa gorar ruwa ba ta rabuwa da jakarsa.

Ya daɗe a tsugune. Ciki ya murɗa, ya saki, ya sake murɗawa. Da ya gama bai so ya duba ba, amma ya duba, kamar kullum. Jini da majina. Na huɗu ke nan tun asuba, ga shi ko hantsi bai gama yi ba.

Wata goma sha huɗu yana fama. Abin ya fara ne a ƙarshen shekararsa ta farko a jami'a, a Ngaoundéré. Da fari ya ce ruwan garin ne bai karɓe shi ba. Daga baya ya ce atini ne, ya sha maganin atini har ya gaji. Aka ce masa basir ne, ya sha wata saiwa mai ɗaci da wani tsoho ke sayarwa a tasha. Wando ya yi masa yawa, sau biyu yana ƙara huda a bel. A aji kujerar bakin ƙofa ta zama tasa. In zai zo hutu gida, tun jajibiri yake daina cin abinci, ya haɗiyi ƙwayar tsayar da zawo guda biyu, ya zauna cikin mota yana damƙe da kujerar gaba har a tsaya a Ngong. Mutane sun san Garoua da kasuwarta da gadar Binuwai. Shi da bayinta ya san ta: wanne ke da ruwa, wanne ake kullewa, wanne mai gadinsa ke da mita.

Da ya fito mai moto na nan, ya kashe inji yana danne-dannen waya.

"Na ce ko ka gudu ne."

"Mu je."

A bayan babur maganar shekaranjiya ta dawo masa. Babansa, Alhaji Ɗanmalam mai shadda, ya kira shi zaure bayan la'asar. Bai kira shi da suna ba. Bai taɓa kira ba, don Shu'aibu ɗan fari ne, Baba kuwa mutumin dā ne, jikan Kanawan da fatauci ya kawo Garoua suka zauna. A bakin Baba sunansa "kai". Abin da ke shiga tsakaninsu gaisuwar safe ce, sai "Allah ya yi albarka" ranar komawa makaranta.

A kan tabarma Baba ya jera fankon katin magani guda bakwai, waɗanda Inna ta tsinta ƙarƙashin katifarsa tana shara. Ɗaya da sauran ƙwaya biyu a jiki, koraye. Baba ba ya karanta boko, amma koriyar ƙwaya ba baƙuwa ba ce a garin nan. Ita 'yan moto ke korawa da shayi, ita ta juya kan ɗan maƙwabcinsu har aka ɗaure shi da igiya. Tramol.

"Na ga rama, na yi shiru," in ji Baba, idonsa a kan carbi. "Na ga ba ka sa hannu a kwano da ƙannenka, na yi shiru. Kwamfutarka ta ɓace, na yi shiru. Amma ranar Juma'a na sallame na waiwaya, ba ka nan. Aka ce liman na raka'a ta biyu ka tsinke sahu ka fice da gudu." Ya ja carbi ɗaya. "Ba za ka koma ba. In an buɗe makaranta wata mai zuwa, kai kana rumfa, inda idona zai riƙa ganinka. Tashi."

Shu'aibu ya buɗe baki. Kalmomin suna nan a kan harshensa: zawo, jini, dubura. To yaya mutum zai kwaso waɗannan ya zube a gaban ubansa, a zaure, uban yana riƙe da carbi? Ya rufe bakin, ya tashi.

Da suka iso asibiti, Édouard na zaune a dakalin ƙofa yana ɓarar gyaɗa. Ɗan Yagoua ne, dogo kamar giginya, ɗakinsu ɗaya a makaranta, hutu yake yi wajen kawunsa a unguwar Poumpoumré. Hausarsa ta kasuwa ce, a rumfar shinkafar uwarsa ya koye ta. Shi kaɗai ya sani, don wanda kuke kwana ɗaki ɗaya ba a ɓoye masa irin wannan. Shi ya ja Shu'aibu zuwa nan da masifa. Shi ya samo wanda ya sayi kwamfutar. Shi ya zauna a dakalin nan mako uku da suka wuce, ranar da aka zura wa Shu'aibu siririn tiyo mai kamara ta ƙasa, aka yanko ɗan nama daga hanjinsa aka aika Yaoundé. Yau sakamako ya dawo.

"Alhaji ya makara," in ji Édouard, yana tsokanar Shu'aibu. "Tasha nawa aka tsaya a hanya?"

"Ɗaya."

"Ɗaya tak? Ai ka warke, mu koma gida." Ya miƙo masa gyaɗa, ya tuna, ya janye hannu. "Ka yi wa tsoho magana?"

"A'a."

"Ku dai Hausawa! Gara a ce ɗan tramol ne da a ce yana zawo."

"Ba za ka gane ba."

"Ba zan gane ba kam. Ni babana in ya yi tusa, tambayarmu yake wa ya ji."

Dariya ta taso wa Shu'aibu, ciki ya yi masa kashedi, ya haɗiye ta. Wata ma'aikaciya ta leƙo da karnen asibitinsa a hannu, ɗan littafin da likita ke rubutu a ciki, ta kira sunansa.

Dokta Honorine 'yar kudu ce, mai furfura a goshi, ta daɗe a arewa har tana gaisawa da tsofaffi da Fulatanci. Da Faransanci ta yi masa magana, a hankali, ta juyo masa takardar don ya gani da idonsa.

"Zan fara da abin da ba shi ba ne, don na san shi ke hana ka barci. Ba ciwon daji ba ne. Ba ƙanjamau ba ne. Ba tsutsa ba, ba basir ba."

Ya saki numfashin da bai san ya riƙe ba.

"Sunansa rectocolite hémorragique." Ta ja layi a ƙarƙashin kalmomin da biro. "Babban hanjinka ne ya kumbura daga ciki, ya yi gyambo. Kowane jiki yana da masu gadinsa da ke korar cuta. Naka sun rikice, sun juyo suna dukan gidan da aka ba su tsaro. Dalili, har yau ba wanda ya sani. Ba abin da ka ci ba ne, ba abin da ka aikata ba ne, ba kuma wanda ya sa maka hannu. Ba ka ɗauka wajen kowa ba, ba wanda zai ɗauka wajenka."

Ta ciro hotuna huɗu. Wata doguwar hanya ce ja, kamar naman da aka feɗe yanzu, da fararen tabo nan da can. Ya kalle su. Wata goma sha huɗu yana jin abin nan yana cinsa, yau ya ga fuskarsa.

"Maganin na kwana nawa ne, Dokta?"

Ta cire tabarau ta ajiye.

"Shekararka nawa, ɗana?"

"Ashirin."

"To saurare ni. Wannan ciwo ba ya warkewa. Kwanciya yake yi. In muka dace da magani zai kwanta wata da watanni, har shekaru, ka manta da shi, ka yi ƙiba, ka buga ƙwallo. Wata rana ya tashi, mu sake kwantar da shi. Amma magani kullum ne, ko kana jin lafiya."

"Har yaushe?"

"Kullum."

Ta taga yana hangen wata mata tana shanya zanen gado a igiya. Kakansa ya haura tamanin kafin ya rasu. Shu'aibu ya hango shekaru sittin a jere a gabansa, kowace rana da ƙwayarta. Ya ɗauka in aka gano sunan abin, an gama. Ashe sunan ƙofa ce kawai.

Dokta ta hau rubutu. Wannan safe da yamma. Wannan na 'yan makonni ne, don a kashe wutar da ke ci yanzu. Wannan na ƙarin jini ne, don nasa ya yi ƙasa sosai. "Wannan kuma ba a sha. Ta ƙasa ake sa shi, kafin kwanciya." Kunnuwansa suka ɗauki zafi. Ta tambaye shi me yake sha a baya, ya ciro katin koriyar ƙwaya daga aljihu. Ta karɓa ta jefa cikin aljihun tebur.

"Wannan ka daina daga yau. Hanji na zubar da jini ka ɗaure shi da ƙarfi, haɗari ne."

"Makaranta fa?"

"Me ya samu makaranta? Ina da malamai biyu da direban tirela ɗaya masu irin naka. Za ka koma, ka gama, ka dawo ka gaishe ni." Ta ɗago kai. "A gida wa ya sani?"

Ya mayar da ido kan hotunan.

"Ba a ɗaukar wannan ciwo mutum ɗaya. Wata rana zai iya tashi da ƙarfi har sai an ɗauko ka. Dole wanda zai ɗauko ka ya san abin da zai faɗa mana."

"Yaya ake ce masa da Hausa? Ko da Fulatanci?"

Ta yi ɗan tunani, ta girgiza kai.

"Ban taɓa ji ba. Sai dai ka faɗi abin da yake yi maka."

A waje Édouard ya karanta takardar daga sama har ƙasa, leɓɓansa na motsi. Ya naɗe ta ya mayar cikin ambulan. Wannan karon bai yi raha ba.

"Ba mutuwa?"

"Ba mutuwa."

"To, mun gode Allah." Ya dafa ƙeyar Shu'aibu ya ɗan girgiza. "In raka ka in karanta wa tsoho? In yi masa da muryar likita, in sa tabarau."

"A'a. Ni zan je."

"Yanzu?"

"In na kai gobe ba zan iya ba."

Rana ta kusa tsaka da ya shiga babbar kasuwa. An yi ruwa da asuba, yanzu ƙasa na mayar da zafi, irin na ƙarshen damina mai manna riga a baya. Ya bi layin 'yan yadi yana tsallake taɓo. Rumfar Baba ce ta bakwai a hannun dama, shadda a sama, atamfa turmi-turmi a ƙasa. Baba na zaune a kan buzu cikin babbar riga shuɗiya mai sitaci. Shekara talatin a layin nan, ba wanda zai ce ya taɓa ganin Alhaji Ɗanmalam ba babbar riga, ko da zafin bazara.

Wata tsohuwar mai ciniki na gabansa, Madam Yvonne, Kirista 'yar ƙauyukan kan dutse, tana zaɓar atamfar ankon matan cocinsu. Ta juyo ta ga Shu'aibu, ta kama haɓa.

"Alhaji, wannan ba babban ɗanka ba ne, na lekol, mai karatun boko? Wayyo! Me kake ba shi, iska? Ka ba ni shi wata ɗaya ya ci tuwon dawa a wajenmu."

"Karatu ne," in ji Baba, fuskarsa a rufe. Ya naɗe mata kayanta, ya sallame ta da sauri.

Shu'aibu ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe shi.

"Ka yi sammako," in ji Baba. "Wata mai zuwa na ce."

Ya ajiye ambulan a bakin buzu.

"Daga asibiti ne."

Baba bai taɓa ba. Ya kalli hagu, ya kalli dama, ya rage murya.

"Sun auna jininka sun ga abin?"

"Ba wannan ba ne, Baba."

Sai a lokacin ya buɗe. Ya riƙe takardar nesa da fuska, ya juya bayanta, ya juyo. Akwai masu boko a layin, ko Malam Hassan na rumfar kusa zai iya karanta masa, amma bai kira kowa ba. Hotunan suka zamo suka faɗi a cinyarsa. Ya ɗauki ɗaya.

"Wannan fa? Naman mene ne?"

"Cikina ne."

Baba ya ɗago. Rabon da su haɗa ido Shu'aibu ya manta. Ya kasa jurewa, ya nemi wuri ɗaya, wata farar takarda da ke manne a jikin bandirin shadda, ya kafa mata ido, ya yi mata magana.

"Jini nake yi, Baba. In na zaga. Sau takwas, sau goma a rana. In ya taho ba ya jira, ko ina nake. Ranar Juma'a shi ne ya fitar da ni. Ƙwayar nan ta tsayar da zawo ce. Kwamfutar kuma, gwajin nan aka yi da ita."

"Basir."

"Ba basir ba ne. Hanjin ne ya yi gyambo daga ciki. Likita ta ce jikina ne ke yaƙi da kansa."

"Tun yaushe?"

"Tun bara da babbar sallah."

Baba ya ajiye hoton. Ya ɗauki almakashi daga dama ya mayar hagu. Ya gyara wani turmin atamfa da ba abin da ya same shi. A layin wani mai kura na ihun a ba shi hanya, rediyon wani na magana da Fulatanci.

"Kunun da uwarka ke ba ka da safe," in ji Baba daga ƙarshe. "Tun da ka zo hutu nake sa ana zuba maka rubutu a ciki. Na raba mutum da shaye-shaye."

"Na sani. Yana ɗanɗanon tawada."

"Ka sani, kake sha?"

"Na ce ko zai yi wa cikin amfani."

Gemun Baba ya motsa, ba a san dariya ce ko wani abu ba. Ya sake ɗaukar hoton.

"Wato ka gwammace in ɗauke ka a matsayin..." Bai ƙarasa ba.

A nan ne cikin ya murɗa. Shu'aibu ya san irin wannan murɗawar, ba ta ba da wa'adi. Bayin kasuwa yana can ƙarshe, bayan mahauta, kullum da layi. Ya miƙe zumbur.

"Baba, zan..."

Ya zura takalmi ɗaya, ya nemi ɗayan. Ya taka ɗaya, biyu, uku. A na huɗu ya tsaya cak a tsakiyar layi. Ɗumi ya bi cinyarsa ya gangara. Farin yadi ya sa yau, don zai ga likita. Bai duba ba, ya san abin da ke bayansa, ya san launinsa. Mata biyu na tahowa da kwanduna, masu rumfa na zazzaune suna fifita. Ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ƙafafunsa suka ƙi gaba suka ƙi baya.

Sai duhu ya rufe shi. Wani abu mai nauyi ya sauko ta kansa, mai ƙamshin turare da sitaci. Da kansa ya fito ta wuyan rigar sai ya ga shuɗi ya lulluɓe shi har idon sawu. Baba na tsaye gabansa daga shi sai 'yar ciki da wando. Ashe hannuwansa sirara ne. Ashe akwai furfura a ƙirjinsa. Ya ja kafaɗun rigar ya daidaita su, kamar yadda yake yi wa mai saye in yana gwada masa kaya. Ya juya ya ture butarsa da ƙafa, kamar kuskure, ruwan ya malale ya wanke inda Shu'aibu ke tsaye.

"Biyo ni," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Kada ka yi sauri."

"A'a, Alhaji!" Malam Hassan ne ya leƙo daga rumfarsa yana dariya. "Yau kuma naɗin magaji ake yi ba a gayyace mu ba?"

"Zafi nake ji, Malam Hassan. Duba mini rumfa."

Baba ya shige gaba. Duk layin ido ya koma kansa, Alhaji Ɗanmalam a tsakiyar kasuwa da 'yar ciki. Ana yi masa sannu yana amsawa, wasu na tsokana yana ɗaga musu hannu, bai rage tafiya ba, bai ƙara ba. Ba wanda ya kalli siririn yaron da ke biye da shi yana jan riga.

Ba bayan mahauta suka nufa ba. A bayan masallacin kasuwa akwai wani bayi na dattawan layin, kullum a kulle. Baba ya ciro mabuɗi daga aljihun wando ya buɗe, ya matsa gefe.

Akwai famfo a ciki, da bokiti, da sakata mai aiki. Shu'aibu ya tuɓe rigar ya rataye a ƙusa. Ta ɓaci daga ciki. Ya yi abin da ya rage, ya hau wanke jiki. Ya ji takun Baba ya yi nisa, bayan wani lokaci ya dawo. Sabulu ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Ta sama kuma leda ta leƙo, da sabon wando da riga na wajen tela, alli bai ma goge daga jikinsu ba.

"Kai."

"Na'am, Baba."

Muryar tana kusa, kamar Baba ya jingina da ƙofar.

"Wanda abu ke fita masa ba da ikonsa ba, akwai hukuncinsa. Malamai sun yi bayani tun kafin a haifi kakanka. Ba a kama shi da laifi. Ka riƙa tsayawa ƙarshen sahu, gefen ƙofa. In ya taho ka fita, ka dawo ka yi sallarka. Ba wanda ya ce ka bar jam'i. Da ka tambaya."

"Ban iya ba, Baba."

Har ya ɗauka Baba ya tafi, sai muryar ta dawo.

"Ni ma ban tambaya ba."

Shu'aibu ya buɗe famfo har ƙarshe. Ruwa na dukan bokiti da ƙara, shi kuma ya tsuguna ya kifa kai a gwiwa. Bai yi kuka ranar da ya fara ganin jini ba, bai yi ranar tiyo ba, bai yi ɗazu gaban likita ba. Bokitin ya cika ya tumbatsa, bai kashe ba. Baba bai ce ana ɓarnar ruwa ba.

Da ya fito, wandon ya yi masa yawa, ya naɗe ƙugun sau biyu. Babbar rigar da kayansa suna cikin leda a ƙulle. Ya rasa yadda zai yi da ita. Baba ya miƙo hannu ya karɓa, ya riƙe kamar cefane.

Suka kamo hanyar rumfa, ba gaba da baya ba wannan karon, kusan kafaɗa da kafaɗa, don layin ya ɗan sarara, mutane sun fara haramar azahar.

"Ta ce yana warkewa?"

"Ba ya warkewa. Kwanciya yake yi, in ana shan magani."

"Kullum?"

"Kullum."

Baba ya taka kamar goma.

"To Allah ya kwantar da shi. Takardar maganin tana cikin ambulan?"

"Tana ciki."

Suka ratsa masu kayan miya, suka kauce wa mai kura. Shu'aibu na jiran sauran maganar, bai san ta inda zai tambaya ba. Baba yana kallon gabansa.

"Can inda kuke kwana, bayin yana ina?"

"A ƙarshen gini. Mu goma sha shida ke shiga."

"Goma sha shida." Baba ya tsaya ya juya ledar daga wannan hannu zuwa wancan. "Abokin nan naka, dogon nan na Yagoua da ya zo gaishe ni. Ka ce masa ya fara neman wani ɗaki tun yanzu, kafin a buɗe a cinye su. Mai bayi a ciki."

Shu'aibu ya buɗe baki, Baba bai jira ba. Ya riga ya yi gaba da 'yar cikinsa, yana amsa tsokanar Malam Hassan tun daga nesa.